Shekarar Miyar Lalle

Mustafa da Abba, wannan babin naku ne fiye da na yayarku Falmata, domin ita da ita aka yi komai, ku kuwa kuna can wajen aiki, abin da ya iso kunnenku shi ne abin da na ga dama ya iso. Na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku yadda kakannina suka taso daga Barno suka zauna a Zaitawa, na rubuta yadda na gaji rumfar turare a kasuwar Kurmi, duk alƙalami yana gudu. Da na iso nan sai da littafin ya yi wata guda a rufe. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku fara sanin irin mutumin da ubanku yake a lokacin. Shekarata hamsin da takwas, shekara talatin da uku da auren Ummanku Rakiya, kuma ban taɓa ɗora tukunya a wuta ba. Uwata ta raine ni, yayyena mata uku suka karɓe ta, daga hannunsu aka miƙa ni ga Ummanku kamar yadda ake miƙa jariri. In na fito wanka, riga da wando da hula suna kan gado, an turara su. In na dawo daga kasuwa, kwano yana kan tabarma a rufe. Ban taɓa tambayar yadda aka yi suka zo wurin ba. Duk da haka, a majalisarmu ta bakin rumfa, in aka zo hirar mata muryata ce a sama. Nakan ce wai me suke yi a gida tun safe, mu muna rana su suna inuwa. Abokai su yi dariya, ni kuma in gyara zama.

A shekarar ce Falmata ta haifi tagwaye a Zariya. Aiki aka yi mata, likita ya hana ta tafiya, don haka maimakon ta zo gida wanka, sai Ummanku ta shirya ta je can ta yi mata kwana arba'in. Ana gobe za ta tafi ta same ni a tsakar gida ina shan shayi.

"Alhaji, na yi magana da matar ƙaninka, za ta riƙa aiko maka da abinci. Wanki kuma a kai wa mai wanki."

"A kan me? Kwana arba'in ne zai gagare ni? Mutumin da yake haɗa turare kala goma sha biyu ya fitar da ƙamshi ɗaya, tuwo ne zai ba shi tsoro? Ki ce mata ta huta."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Ranar farko na gane ban san inda ashana take ba. Rana ta biyu na gane ban iya kunna gas ba. Na murɗa shi na tsaya ina jira ya kama da kansa, sai da wari ya cika kicin na fito a guje ba takalmi. Na koma kan gawayi, na yi ta fifita har idona ya kaɗa. Shinkafar da na fara dafawa na cika tukunya da ita har baki, don ban san tana kumbura ba, sai ga ta ta ture murfi ta biyo gefen tukunya kamar ni take nema. Farar shaddata ta Juma'a na jiƙa ta a baho ɗaya da jar dara, ta fito da wani launi da ko 'yar shekara bakwai sai an lallashe ta za ta sa. Wata kuma ina cikin guga waya ta yi ƙara, na dawo na tarar da hoton dutsen guga a gadon bayanta. A sati guda na kira Ummanku fiye da kiran da na yi mata tun da aka fara wayar hannu. Kullum nakan fara da tambayar lafiyar tagwaye, ita kuma ta bari in gama tsaf, sannan ta ce, "Suna lafiya, Alhaji. Me ya ɓata?"

Abin da ya ɗaure min kai ba wuyar aikin ba ce, rashin ƙarewarsa ne. Ka share tsakar gida, kafin ka ajiye tsintsiya darbejiya ta sake zubo da ganye. Ka wanke kwano, ka ci a ciki, ya koma abin wankewa. Randa ba ta cika kanta, gishiri yana ƙarewa, albasa tana ruɓewa in ba a shanya ta ba. Na riƙa zuwa kasuwa a makare, ina gyangyaɗi a kan benci. Amma ko da wasa ban ce da kowa na yi kuskure ba.

A sati na uku na ce yau sai tuwo da miyar kuka, kuma sai na kira shaida. Na gayyato aminina Malam Habu, mai sayar da huluna a layinmu, wanda muka yi makarantar allo tare. Tuwon ya yi gudaji, amma dai ya tsaya da ƙafarsa. Na ɗauko wani gwangwani a kan kanta cike da koren gari, na kaɗa a ruwan nama da daddawa. Na ga ba ta yi yauƙi ba, na ƙara. Ban sansana ba. Ni da hanci ne jarina, ni da in mutum ya gifta ta gaban rumfata zan faɗa maka ko an tsinka turarensa, ban sansana ba, domin a raina abin kicin bai kai a kai shi hanci ba. Habu ya yi bisimilla ya kai loma. Ya tsaya. Ya kai ta biyu don kara, ya kai ta uku don zumunci, sannan ya dubi yatsunsa.

"Bukar, wannan kukar ta wace ƙasa ce?"

Na ɗanɗana, na tofar. Nan take na kira Zariya.

"Wane gwangwanin ka ɗauka?" in ji Ummanku. "Mai jan murfi ko mai shuɗi?"

"Mai ja."

"Innalillahi! Alhaji, lallena ne!"

Ta yi dariya har wayar ta suɓuce mata, ina jiyo Falmata daga nesa tana roƙon ta daina don ita ma ta kama, ga ɗinki a jikinta. Shi kuwa Habu, yatsunsa uku da farin gashin da ke kewaye da bakinsa suka rine. Sati guda ya yi yana gaisawa da mutane hannu a dunƙule, duk wanda ya tambaye shi a kasuwa sai ya ce sunna yake rayawa. Na roƙe shi ya rufa min asiri, ya ce har kabari.

Da Ummanku ta dawo na ga ta rame, na ce a raina hidimar tagwaye ce. Kwana uku da dawowarta ta miƙo min wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

"Na ɗan rubuta maka wasu abubuwa a can, in jarirai sun yi barci. Don Allah ka karanta har ƙarshe."

Na buɗe shafin farko, na ga an rubuta da manyan baƙi: yadda ake kunna gas. Na rufe.

"Ni za ki mayar ɗan aji ɗaya? Ai kin dawo."

Na cilla shi saman kwaba, na sa hulata na fita. Daga nan rayuwa ta koma yadda na saba, riga a kan gado, kwano a kan tabarma. Abu ɗaya ya canja: kowane wata sai ta je Zariya ta kwana biyu, wai ganin tagwaye. Ina tuna sau uku tana ce min, "Alhaji, ina son mu zauna mu yi wata magana." Na farko na ce bari in dawo daga kasuwa. Na biyu na ce ina da baƙi a zaure. Na uku na ce in maganar gida ce ai ke ce gidan, duk yadda kika yi daidai ne. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Bayan kamar wata takwas, wata ranar Asabar bayan la'asar, muna zaune a bakin rumfa mu bakwai ko takwas, sai ga Ɗanlami mai carbi ya taho yana dariya shi kaɗai, riƙe da wani ƙaramin littafi wanda bai fi kaurin waina ba. Sunansa Maigida, Ga Muciya. A wurin sunan marubuci an sa Wata Uwargida kawai. Ya ce matarsa ce ta ajiye masa a kan matashi, kuma ya ji mata suna ta sayensa a bakin makarantun Islamiyya. Muka ce ya karanta mu ji. Ya gyara murya.

"Maigida, ɗakin nan mai baƙin bango da kake wucewa in za ka banɗaki, shi ake kira kicin. A nan abincinka yake fitowa, ba saukar da shi ake yi daga sama ba. Shiga da sallama, ba ya cizo."

Muka fashe da dariya. Ya juya shafi.

"In kana neman hularka, kafin ka ƙwala wa matarka kira na uku, taɓa kanka. In kana neman tabarau, taɓa hancinka."

"Farin kaya da mai launi ba muharraman juna ba ne, kada ka bar su su biyu a baho."

"Mudun shinkafa ɗanye yaro ne, dafaffe ƙato ne. Ba shi wurin girma."

Ni na fi kowa dariya. Har ina cewa, kai, wannan mata ta san sakarkarun maza. Jikina bai ba ni komai ba, don a ganina kowane namiji yana iya jiƙa fari da ja. Sai Ɗanlami ya ce mu tsaya, ga wanda ya fi kashe shi.

"Ba kowane koren gari ne kuka ba. Allah ya ba ka hanci, kai shi bakin gwangwani. Na san wani maigida da ya yi wa amininsa miyar lalle. Bawan Allah ya ci loma uku don kara, ya yi sati yana ɓoyon yatsu kamar amarya."

Dariyar ta taso, sai kuma ta mutu a hanya. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suna kallon Habu, domin babu wanda ya manta da jan yatsunsa na bara. Habu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan na shaide shi. Amma da ya ɗago, ni ya kalla. Shi ke nan. Wani ya faɗo daga kan benci. Mai shagon da ke kallonmu ya baro ciniki ya zo tambayar abin da ya faru, aka sake karanta masa. Ɗanlami yana share hawaye yana cewa, "Alhaji, ashe sunnar a gidanka aka raya ta!" Ni kuwa sai a lokacin na gane ko wace ce Wata Uwargida. Matata, wadda ko sunana ba ta taɓa kamawa a gaban mutane ba, ita ce ta tuɓe min rawani a tsakiyar Kurmi. Na rufe rumfa tun rana ba ta faɗi ba.

Na same ta a zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ban yi sallama ba.

"Ke kika rubuta?"

Ba ta tambaye ni me ba. Ta ajiye farantin.

"Ni ce. Na riƙa karanta wa matan ajinmu na Islamiyya in an tashi, suka ce kowacce mijinta ne a ciki. Su suka matsa aka buga. Ban sa sunanka ba, Alhaji."

"Kin sa yatsun Habu! Akwai wanda bai ga yatsun Habu ba a Kurmi?"

"Wannan ban yi tunaninsa ba, ka yi haƙuri. Amma na ba ka a hannu, ka jefa saman kwaba. Na ga abin da aka karanta a kasuwa shi kaɗai yake shiga kunnenka. Zauna, don girman Allah, akwai dalilin da ya sa..."

"Ba na son ji. Tashi ki tafi gidanku, sai na neme ki."

Da maganar ta fita, ni kaina sai da na waiga, kamar wani ne ya faɗa a bayana. A shekara talatin da uku ko yaji ba ta taɓa yi ba. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Gidanmu? Iyayena sun kusa shekara ashirin a ƙasa. Wane gidan?"

Nan ne ya kamata in zauna. Na san haka tun a lokacin. Amma dariyar kasuwa tana cikin kunnena, sai na ce, "Jakara, wajen yayanki."

Ta shiga ɗaki ta haɗa jaka guda, ta yafa mayafi. A bakin zaure ta juyo ta ce, "Akwai miya a wuta, kada ka bari ta kama." Ta fita ta tari adaidaita sahu.

Da kuka kira kuna tambayarta, na ce muku ta je jinyar matar kawunku Tijjani. Ƙarya na yi muku, ita kuma ta rufa min asiri ba ta ƙaryata ni ba. Falmata ta kira ni tana kuka, tana cewa, "Baba, ka je ka dawo da ita, wallahi ba ka san abin da ake ciki ba." Na ce ita ma ta shiga taitayinta, na kashe waya. Habu ya zo har gida sau biyu. Ya ce, "Bukar, ni da na ci miyar na yafe, kai da ka dafa me ya yi maka zafi?" Na ce in wannan ce ta kawo shi ya tashi. Na daina zaman majalisa. In na wuce ta layin nakan ji ana rage murya, na kuma ji wasu sun fara kirana Alhaji Mai Lalle a bayan idona. Ina jira Malam Tijjani ya aiko a ba ni haƙuri, shi kuma bai aiko ba. Haka muka yi ta cin kwanaki. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa biyu.

Bayan sati bakwai na yanke shawarar in sayi littafin, in ja layi a ƙarƙashin duk inda ta ci mutuncina, in kai wa yayanta ya gani da idonsa. Ban yarda in saya a Kurmi ba. Sai da na je har wajen Ƙofar Dawanau inda ba a san ni ba, na ce da mai shagon aike ne. Washegari da hantsi na zauna a tsakar gida da jan biro. Na ja layi a shafi na ɗaya, na ja a na biyu. A na biyar na tarar da yadda ake tuƙa tuwo ba gudaji, daki-daki, tun daga tafasar ruwa har kwashewa, kuma ga yunwa tana cina, don na gaji da burodi da shayi. Na ce bari in gwada in kama ta da ƙarya. Tuwon ya fito sumul. Na tsaya ina kallonsa a cikin tukunya kamar wanda ya ga abin al'ajabi. Na ci, na wanke hannu, na koma kan littafin, wannan karon biro yana ajiye.

Kusa da ƙarshe akwai wani kashi da Ɗanlami bai kai gare shi ba. An sa masa suna: In uwargida ta kwanta. A nan barkwancin ya yi ta raguwa har ya ƙare. Ta rubuta yadda ake dama kunu mai ruwa-ruwa ga wanda ba ya iya haɗiya. Yadda ake tayar da marar lafiya zaune ba tare da an ja hannunsa ba. Yadda ake canja zanen gado mutum yana kwance a kai. Yadda ake yi wa wanda ba ya iya tashi alwala. Ta ce, in uwargida ta ce ba ta jin ciwo, dubi goshinta. Ta ce, kada ka tambaye ta inda abu yake, nema. Ta ce, in kuka ya zo maka, je ka zaure ka yi, ka wanke fuska ka dawo. Kashi na ƙarshe kuwa shafi ɗaya ne tak, sunansa: In ba ta nan gaba ɗaya.

Ban iya karanta shi ba. Na tuna ramarta, na tuna Zariya kowane wata, na tuna sau ukun nan. Na jawo kujera na hau, na laluba saman kwaba, na zaro littafin rubutun nan ya sha ƙura. Na buɗe shi daga baya. A shafin ƙarshe, da rubutunta mai kwanciya, akwai layuka huɗu da ba a buga ba. Ta ce a asibitin da Falmata ta haihu ita ma ta sa an duba ta, saboda wani ciwon ciki da ta daɗe tana ɓoyewa. Ta ce likita ya faɗa mata abin da bakinta ya kasa faɗa min ido da ido. Ta ce in na iso wannan shafin in kira ta ɗaki, za ta yi min bayani.

Wata goma wannan takarda tana saman kaina, ina kwana ina tashi a ƙarƙashinta.

Na kira Falmata, sai da na yi kuskuren lamba sau biyu. Ta ce ciwon daji ne, kuma tun ranar da aka gano shi ya riga ya yi nisa. Zuwa Zariyar nan duk asibiti ne. Ummanku ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba sai ita ta faɗa min da kanta. Na ce, "Me ya sa ba ki karya rantsuwar ba?" Ta ce, "Na fara, Baba. Ka kashe waya."

Ban san yadda na isa Jakara ba. Na dai san a ƙasa na tafi, kuma sai a ƙofar gidan na lura da takalmin wanka ne a ƙafata. Malam Tijjani yana zaure yana ɗinkin fata, sana'ar gidansu. Ya girme ni da shekara goma, kuma bai taɓa ɗaga min murya ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba, sai da ya kai ƙarshen ɗinkin ya ƙulle zare.

"Malam Bukar, ka zo. Sau uku ina sa takalmi in zo in same ka, tana hana ni. Ta ce ba ta son ka dawo da ita don tausayi, ta fi son ka huce don kanka. To ka huce, ko an faɗa maka?"

"Na karanta ne, Yaya."

"Kwana hamsin da biyu yau. Ni ina ƙirgawa, ko kai ba ka ƙirga ba. Shiga."

Tana kwance a ɗakin matarsa. Da na ɗaga labule sai na tsaya, domin ban gane ta nan da nan ba. Matar da ta fita daga gidana da ƙafarta tana ɗauke da jakarta, ga ta nan wuyan hannunta bai fi na yarinya ba, idanunta sun faɗa. Ita ce ta yi magana.

"Ka karanta?"

"Na karanta."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"To ɗauko min jakata, tana bayan ƙofa."

Wata goma sha ɗaya ta yi bayan dawowarta. A nan ne aka kira ku aka faɗa muku ba ta da lafiya, kuma daga nan kun san sauran, sai dai abin da ke faruwa in kun koma. Na bar wa ƙanina rumfa. Mata 'yan uwa suka zo za su karɓi jinya, suka tarar da ni ina dama kunu, suka tsaya cirko-cirko a bakin kicin. Matar ƙanina ta ce, "Yaya, abin kunya ne a gare mu, muna raye." Na ce su taimaka da abin da ya fi ƙarfina, amma kunu da magani da juya ta a gado nawa ne. Na ƙona kunu ya fi a ƙirga kafin in iya. Ranar farko da na tayar da ita zaune na ja hannunta, ta yi ƙara, na fita zaure na yi abin da ta ce a yi a zaure. A hankali hannuna ya faɗa. Na koyi yanke mata farce, na koyi shafa mata mai a ƙafa, na koyi gane ciwo a goshinta tun kafin ta motsa. In na yi daidai ba ta cewa komai. In na yi kuskure takan ce, "Shafi na goma sha tara, Alhaji," mu yi dariya har tari ya sarƙe ta. Habu yakan zo duk Juma'a ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ita kuma ta tambaye shi lafiyar yatsu. Har Ɗanlami ya zo dubiya, da zai tafi ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali yadda ake yi wa tuwo kada ya kama.

Duk wannan hidimar ban ba ta haƙuri da baki ba. Na yi ta ɗagawa, ina ce wa kaina ai tana gani a aikace. Sai ana saura kwana goma ta rasu, da safe, na gama goge mata fuska da ruwan ɗumi, na zauna a bakin gado na riƙe ƙyallen a hannuna.

"Rakiya, ranar nan da na ce ki tafi. Ki yafe min."

Ta buɗe ido. Muryarta ta riga ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya.

"Na yafe maka tun adaidaita sahu bai kai Jakara ba, Alhaji. Kwanakin da muka rasa ne ba ni da inda zan samo maka su."

Ta rasu ranar Laraba da hantsi, kanta a kan hannuna. Allah ya haskaka makwancinta, ya saka mata da abin da ni na kasa saka mata da shi.